Rauta uku da kyamarar da ta ƙi fitowa

Aikin da ya fi koya mini hankali a harkar netwok wani ɗan aiki ne da na raina. Ofis ne da sito a Kano, tsakaninsu bai fi mita 70 ba, oga yana so ya riƙa ganin kyamarorin sito daga kwamfutar ofis. Na ce ranka ya daɗe ai wannan aikin awa ɗaya ne. Kwana biyu na yi.

Na ja kebul daga rautar ofis, wato na'urar da ke raba intanet, na cusa a ramin WAN (inda intanet ke shigowa) na rautar sito kamar yadda na saba, intanet ta kawo, YouTube na tafiya lafiya lau, har na fara tattara kayana sai oga ya ce to malam ina kyamarar? Shiru. Ni kuma duk hankalina ya tafi kan sigina, ina ta juya eriya ina hawa kujera, har na kawo rauta ta uku na jona ta ta iska, ba abin da ta tsinana sai cinye kusan rabin gudun.

Ashe matsalar ta adireshi ce. Duk rautar da ka shigar mata ta WAN gidanta daban take kafawa, ta raba nata IP, wato adireshin da ake ba kowace na'ura, na ciki su fita yadda suke so amma na waje ba ya shiga sai an buɗe masa. Ofis na kan 192.168.0.1, sito na kan 192.168.1.1, DVR, wato na'urar da ke adana hoton kyamarorin, na can ƙuryar gida na biyu, kwamfutar oga na ta sallama ba mai amsawa. Da na gane, sai na kashe DHCP, wato mai rabon adireshi, na rautar sito, na mayar da ita 192.168.0.2, na zare kebul daga WAN na sa a LAN, ramin da na'urorin cikin gida ke shiga, mai rabon adireshi ya zama ɗaya tak. Nan take hoto ya fito, wallahi har kunya ta kama ni.

Washegari aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kyamara ta sake ɓacewa, don DVR ya samu sabon adireshi. Laifina ne, ban kafa masa na dindindin ba.

Sai kuma oga ya ce yana so ya gani daga gida a wayarsa. Na buɗe fot, wato ƙofar da na waje ke shigowa ta rauta, har na gaji, a banza, don intanet ɗin ta layin 4G ce, adireshin da rautar ta samu da 100.64 ya fara, wato CGNAT, mutane da yawa ne ke fita ta ƙofa ɗaya, ba taka ba ce balle ka buɗe. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori ta intanet kamar suna gida ɗaya, na sa a kwamfutar ofis da wayar oga, ya wuce. Sai dai dole kwamfutar ta kwana a kunne don ta cikinta wayar ke bi, kuma sai da na manna takarda a kan soket ɗin kafin maigadi ya daina kashe ta da daddare.