Daƙiƙa takwas sai ta mutu: abin da tsohuwar Land Cruiser ta yi mini na wata biyu

Jiya bayan la'asar motar nan ta yi minti 40 tana sulo a tsakar gida, kuma ni na kashe ta da hannuna, da makulli. Wanda bai san abin da na sha ba zai ce to sai me. Amma ku 'yan uwa da kuke kwana da baƙin mai a ƙarƙashin farce, kun san abin da nake nufi. Har uwargida sai da ta leƙo daga kicin ta ce, “Yau kuma ba ta suma ba?”

Ga waɗanda ba su san ta ba: Land Cruiser ce HJ60, ƙirar 1985, mai zagayayyun fitilu, injin 2H mai silinda shida, cc 3,980, mai shan gas, wutarta bolt 24, wato batir biyu a jere. Shekara bakwai ta yi a kwance a bayan wani gida kafin na ja ta zuwa nawa. Tsarina tun farko shi ne inji, sannan birki, sannan ƙafafun gaba, walda da fenti a ƙarshe. Wannan tsari ya tsaya a takarda. A makonnin da inji ya ƙi ni, don haushi na kwance sifirin ɗin baya na kankare tsatsa, na cire kujeru, na wanke lagireto, har fitilar cikin motar na gyara, abin da ba wanda ya aike ni.

Ciwon shi ne wannan. In na ba hita, wato abin da ke ɗumama cikin inji kafin tayarwa, lokacinta na murɗa makulli, bugu ɗaya take tashi, ƙara mai daɗi, ba hayaƙin azo a gani. In na ƙirga takwas sai ta yi ɗif. In sake bugawa, ta tashi, takwas, ɗif. Da safe haka, da rana tsaka haka.

Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya: ta sha iska, wato iska ta shiga hanyar gas. Ni ma abin da na ce ke nan. Na kwance kan famfon hannu na yi ta dannawa, na sassauta notin kan filta har gas ya fito ba kumfa. Takwas, ɗif. Na sake filta. Na sake duk tiyon da ya bushe daga tanki zuwa inji. Na sauke tankin kansa, ni da ɗan maƙwabci, muka zubar da wani abu mai kama da kunun kanwa, muka wanke, muka shanya kwana biyu. Wannan aikin dai ban yi nadamarsa ba, dole ne a yi shi ko ba jima ko ba daɗe. Amma takwas, ɗif.

Daga nan kuɗi suka fara zuba. Na je Ƙofar Ruwa na sayo ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki, wanda aka taɓa amfani da shi, naira 45,000. Nawa lafiyarsa ƙalau, yanzu yana cikin kwali. Aka ce nozul ne, wato masu fesa gas cikin silinda, na kwance guda shida na kai aka gwada aka gyara, 60,000. Wanda ya fi ci mini rai shi ne batir: yawan bugu da ƙarancin caji suka kashe ɗaya, kuma a mota mai bolt 24 ba a haɗa sabo da tsoho a zauna lafiya, don ba za su ɗauki caji daidai ba. Biyu na saya. Ba zan faɗi kuɗin ba, don uwargida ta iya karatu.

Abin kunyar shi ne na yi gwajin da ya kamata ya farkar da ni tun a mako na uku. Na ɗora galan ɗin gas a kan rufi, na jona farin tiyo kai tsaye zuwa famfo, ina kallon man yana gangarowa ba ƙwayar kumfa ko ɗaya. Ta mutu a kan takwas. Maimakon in ce ashe ba iska ba ce, sai na ce to babban famfon injekta, mai tura gas zuwa nozul, shi ne ya lalace, na fara tambayar kuɗin gyaransa, na yi kwana uku ba barcin kirki. Kuma ku lura da wani abu da ni ban lura ba: injin da ya sha iska tari yake yi, ya yi karkarwa, ya ja numfashi, wani lokaci ya farfaɗo. Lokacin mutuwarsa ba ya zama ɗaya. Wannan kuwa kamar an yanka ta da wuƙa, kuma kullum a lamba ɗaya. Iska ba ta da agogo.

Yarona ɗan shekara 12 ne ya gani. Na sa shi ya riƙe mini tocila a kan famfon injekta ina bugawa daga ciki, sai ya ce, “Baba, wannan sandar tana komawa baya kafin motar ta mutu.” Na ce bayan ta mutu dai. Ya ce a'a, kafin. Muka yi musanya, ya murɗa makulli, na tsaya na zuba ido. Gaskiyarsa.

Sandar ta EDIC ce. Masu Land Cruiser mai injin 2H ko 3B sun san ta: ƙaramar na'ura ce ta lantarki a gefen inji, da sanda da ta haɗa ta da hannun famfon injekta. Matsayi uku gare ta: ta tura hannun can gaba don a ba da mai da yawa lokacin tayarwa, ta dawo da shi tsakiya don tafiya, ta ja shi baya don kashewa. Ita ce wannan 'yar ƙara da kuke ji in kun kashe makulli. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tana karɓar umarni daga wani suwic na ƙarfin baƙin mai, daban da wanda ke aika wa geji a dashbod. In ƙarfin mai ya yi ƙasa, suwic ɗin yana haɗa wayarsa da bodi, rile, wato ɗan akwatin lantarki da ke ba EDIC umarni, ya jira 'yan daƙiƙoƙi, in mai bai hau ba ya sa a kashe inji kafin ya cinye kansa. Ashe duk wata biyun nan motar ba ciwo take yi ba, umarni take bi.

Wani makanike da na yi wa bayani ya ce in cire sandar kawai, in ɗaura wayar birkin keke a hannun famfon, in riƙa ja in zan kashe, haka kowa ke yi. Na san ana yi, kuma motocin suna tafiya. Amma a lokacin tsoro ne ya kama ni, don in da gaske mai ba ya hawa, to na buga busasshen inji fiye da sau ɗari. Na ari gejin hannu, na ɗaura a mazaunin suwic ɗin, na cire sandar na riƙe hannun famfo a tsakiya. Cikin daƙiƙa uku allura ta haura 4. Da inji ya yi zafi sosai ta sauka ta zauna wajen 1.5 a sulo. Sai da na zauna a kan taya na yi hamdala.

To suwic ne ke ƙarya, in ji ni. Na cire wayar daga kansa na bar ta a rataye, wanda ya kamata ya sa rile ya ɗauka mai ya hau. Takwas, ɗif. A nan na kusa jifa da sifana. Na ce rile ne, na buga waya ana nema mini na bolt 24, kuɗin da aka ambata ya sa na ce a dakata. Da daddare na ɗauko mita, na cire wayar ta kowane ɓangare, daga suwic da kuma daga rile a ƙarƙashin dashbod, na sa tsinke ɗaya a kanta, ɗaya a bodi. Mita ta yi kuka. Wayar da ba ta jone da komai, tana taɓa ƙarfe.

Na bi ta taƙi-taƙi ina warware tsohon tef. A wani lungu bayan inji, inda damin wayoyi ya ratsa kan wani ƙarfe, na tarar da aikin ɓeraye: sun gaigaye robar wayoyi uku, ɗaya ta kwanta tsirara a kan ƙarfen, har da ɓawon gyaɗa da suka bar mini a wurin. Waya kamu ɗaya, dalma, tef, da guntun tiyo da na tsaga na rufa a kai. Naira 1,500, kuma har da canjin da na saya wa yaron tsire.

Na mayar da sanda, na mayar da tsohon suwic. Don in tabbatar kariyar tana nan, ina cikin sulo na taɓa wayar da bodi da gangan, ta ƙirga takwas ɗinta ta kashe. Wannan ɗif ɗin shi ne na farko da ya yi mini daɗi.

Minti 40 ɗin nan sun tona wasu abubuwan. Famfon ruwa yana ɗiga a hankali, salansa ta huje a wuri biyu, kuma da na gwada matsawa gaba da baya a tsakar gida, birki ya tafi ƙasa ba tare da ya gaisa da kowa ba, sai birkin hannu ne ya cece katangar. Ƙwallon ƙafar gaba ta hagu yana zubar da giris haɗe da man giya, alamar sil ɗin ciki, wato robar da ke tare man, ya tafi, don haka sai an buɗe duka ɓangarorin biyu, kuma soket mai lamba 54 da ake kwance notin hob, wato cibiyar taya, da shi ba ni da shi. Wani mai walda a unguwarmu ya ce zai ƙera mini daga guntun bututu ranar Asabar. Ƙaramin famfon nan na 45,000 kuwa, duk mai 2H da yake bukata ya zo da rabin kuɗin ya ɗauka.