Wasiƙa daga Regensburg: gadar da aka sauke wa kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kowa yana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Kullum da safe in zan fita, sai na taka wata gada a kan kogin Danube, nan birnin Regensburg na jihar Bavaria a Jamus. Mutanen gari suna ce mata Steinerne Brücke, wato Gadar Dutse. An ɗora harsashinta a 1135, aka gama a 1146. Tsawonta ya haura mita 300, duk bisa bakan gizo na dutse, kuma ta yi wajen shekara 800 ita kaɗai ce gadar birnin a kan kogin. Har yau rumbun gishirin fatake na nan tsaye a bakinta.

Ta sha wuya. A watan Afrilun 1945, yaƙi na gab da ƙarewa, sojojin Jamus da kansu suka fasa wani sashenta da nakiya. Amma abin da ya so ya cinye ta a hankali shi ne nauyin motoci, da gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke narkewa ya tsiyaya cikin dutsen. Sai mutanen birnin suka yi ƙuri'ar raba gardama, aka hana motocin gida hawa a 1997. A 2008 aka ƙara da bas da tasi. Masu mota suka koma yin zagaye, aka bar ta ga masu ƙafa da masu keke. Daga 2010 zuwa 2018 ana ta gyara, ba gaggawa. Wannan haƙurin nasu ya fi ginin kansa burge ni.

Ran da na ga shekarar 1135 sai gabana ya faɗi, don tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya fara ganuwar Kano, ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Kusan sa'o'in juna ne ke nan. Na san laka ba dutse ba ce, tana son yaɓe bayan kowace damina, kuma da can gayya ake yi mata. Zuwana na ƙarshe na ga inda aka ɗebi ƙasar badala, na ga inda gidaje suka hau kanta, raina ya ɓaci ƙwarai.

Don Allah wanda ke kusa da Ƙofar Dukawuya ko Kabuga ya ɗauko mini hoton abin da ya rage, ina so in nuna wa yarana. A gaida mutanen gida.