Godiya ga duk wanda ya sa hannu har 'yan matanmu suka kalli wasan ƙarshe

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na cikin garin Jos. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan saƙo, gajiya ce ta hana ni sai yau. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwicin da zan ba ku face wannan.

Ranar Asabar 24 ga Mayu, 2025 aka buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na mata a birnin Lisbon, tsakanin Barcelona da Arsenal. Yaran da nake koya wa ƙwallo a filin makarantarmu ba su taɓa zama sun kalli wasan mata daga busa na farko har na ƙarshe ba, sai guntayen bidiyo a wayar yayyensu. Gidan kallo kuwa ba wurin da uba zai bar 'yarsa ta shiga ba ne, ni ma ba zan ce a bar su ba. Shi ya sa na ƙudura a raina bana sai mun kawo musu wasan har inda hankalin iyaye zai kwanta.

Hajiya, ke zan fara yi wa godiya. Ban gama bayani ba kika ce a share rumfar tsakar gidanki a shimfiɗa tabarmi, kika ciro sabon zanin gado fari daga cikin akwati kika ce a ɗaura a bango. Allah ya ƙara buɗi, ya raya miki zuri'a. Sai ƙanina mai gidan kallon unguwarmu, wanda ya ciro majigi da dikodarsa ya ba mu aro ranar Asabar, ranar cinikinsa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Matan layinmu, na ga aikinku: kwano biyu na soyayyen dankalin Turawa da yaji, awara, da zoɓo mai citta saboda sanyin garin nan.

Ƙarfe biyar na yamma aka take wasa. Kusan duk yaran Barcelona suke so, kuma ba su yi laifi ba, domin ita ke riƙe da kofin, ta ci a 2021 da 2023 da 2024, ga taurarinta Aitana Bonmatí da Alexia Putellas. Amma asalin soyayyar saboda Asisat Oshoala ce, tsohuwar 'yar wasan Barcelona. Na sha ba su labarinta: 'yar Ikorodu, Musulma kamar yawancinsu, wadda iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na wannan gasa a 2019, ta kuma ɗaga kofin a 2021. Da na ce musu ita ma ta taɓa sa rigar Arsenal a 2016, sai wasu suka fara sauya sheƙa.

Ana hutun rabin lokaci, babu ci, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta. Muka ja janareto, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Allah ya sani, a lokacin nan hankalina ya tashi. Kafin ranar nan gida-gida na bi na roƙi iyaye su bar yaran su zo, wasu sai da na koma sau uku, ga shi yara sun yi tsit a cikin duhu, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Baba mai gyaran inji, ban san da wane baki zan gode maka ba. Yaro aka tura, ka fito cikin ruwan nan da buhun leda a ka, ka durƙusa a gaban injin, wata yarinya tana haska maka da fitilar waya. Ina kallo ka kwance fulogi, ka goge shi da bakin rigarka, ka kankare shi, ka hura, ka mayar. Hannunka na rawa saboda sanyi. Ja na uku injin ya tashi. Na miƙo maka kuɗi ka ce, "'Yata, mayar da kuɗinki, ai jikokina ne." Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama lafiya.

Hoto ya dawo Barcelona na ta matsa lamba, 'yan bayan Arsenal na ta tarewa. Sai a minti na 74, ana dab da kiran magariba, Beth Mead ta Arsenal ta zura wa abokiyar wasanta Stina Blackstenius ƙwallo ta tsakanin masu tsaron baya, ita kuma ta buga ta ƙasa ta shige raga. Su biyun duk daga benci suka shigo. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don kullum faɗan da nake yi da yarana ke nan, duk wadda aka ajiye a benci sai ta kumbura fuska. Haka aka tashi, ci ɗaya mai ban haushi. Rabon Arsenal da kofin nan tun 2007, kuma har yau babu wata ƙungiyar Ingila da ta taɓa cin sa sai ita. Wasu sun yi kuka, wasu sun yi ta tsalle, mai tsaron gidanmu kuwa ba ta ce uffan ba, idonta na kan golar Arsenal tun daga farko.

Iyaye, godiyarku ta fi ta kowa nauyi a wurina. Na san maganganun da ake yi a kan 'ya mace da ƙwallo, na kuma san ba don ƙiyayya wasunku ke jan ƙafa ba, tsoron tarbiyya ne, kuma tsoro ne mai dalili. Ko Ingilar da muka kalla, hukumar ƙwallonta ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta tun daga 1921 har kusan shekara 50. Alkawarin da na ɗauka yana nan: shigar mutunci, babu fashin Islamiyya, kowa a gida kafin duhu. Ranar Asabar ruwa ya sa mun saɓa na ƙarshen, ina neman afuwa. A gidan Hajiya suka yi sallar magariba, kuma samarin unguwa sun raka kowacce har ƙofar gida. Ku ma Allah ya yi muku albarka.

Akwai wani uba da ya fi kowa tsanani a kan maganar nan. Ya zo da lema ɗaukar 'yarsa, ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba, bai kuma kira ta ba har aka busa tashi. Jiya da safe ya aiko ta da sabon takalmin ƙwallo a leda, ya ce ta nuna mini ko ya yi daidai. Malam, ya yi daidai. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Atisaye na nan ranar Asabar da safe kamar kullum, in Allah ya kai mu. An bar hijabi ruwan toka da filas ƙarami a gidan Hajiya, mai su ta zo ta karɓa a wurina. Allah ya bar zumunci, ya zaunar mana da Filato lafiya.