Talata: Hajiya da zancen famfas

Hajiya ta iso da hantsi ba tare da ta yi waya ba, ta tarar ina sauya wa Ummi famfas a kan tabarmar falo. Bayan mun gaisa sai ta matso kusa ta zauna, tana bin hannuna da ido tun daga ɓalle mannen har zuwa ɗauko buta, kuma duk wadda ta taɓa yi wa jariri tsarki a gaban surukarta ta san yadda hannu yake yin nauyi a irin wannan lokaci. Da ta hango jan shatin da robar ta bari a cinyar yarinyar, sai ta karɓe ta daga hannuna, ta juya ta, ta duba matsematsinta, sannan ta ce, “Wannan abu dai dafa yara kuke yi da shi. A wannan zafin, ko babba aka ƙunshe haka ai sai ya saɓe.”

Na ce, “Haka ne, Hajiya.”

Ta ci gaba da cewa ita da tsumma da nafkin ta reni duk 'ya'yanta, kuma Abban Ummi tun bai iya zama ba take ɗora shi a ƙafa da asuba ya yi kashinsa, babu wanda ya taɓa yin ƙurji. Ta rufe da maganar da ta hana ni sakat har yanzu: “Ku matan yanzu wanki ne ba ku so.” Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara girma, na tashi na kawo mata ruwa, domin babu bakin da zan mayar mata da amsa. Amsar ce na yini ina tsarawa a zuci, ina tuƙa tuwo ina ƙara mata hujja.

Shatin da ta gani ba ƙuna ba ne, matsi ne. A awon da ya wuce Ummi ta haura kilo 8, kuma ko da yake famfas lamba 3 da nake sa mata an rubuta a jikin ledarsa cewa daga kilo 4 zuwa 9 ne, wannan lissafin bai san yarinya mai kaurin cinya ba. Lamba 4 daga kilo 7 yake farawa, saboda haka akwai tsakanin da duka biyun suke shiga, kuma a nan ido ne yake yanke hukunci. Idan yatsu biyu ba sa shiga tsakanin ciki da bakin famfas, ko manne ya daina kaiwa tsakiya, ko kashi ya fara tsallakowa ta baya, lokacin ƙarin lamba ya yi. Abin da yake sa uwa jan ƙafa shi ne, duk lambar da aka ƙara, adadin da ke cikin leda raguwa yake yi, kuɗin kuwa ba ya raguwa.

Sai dai ban iya kore maganarta gaba ɗaya ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Abin da ta faɗa game da zafi da rashin iska, shi ne ma'aikaciyar jinya take nanata mana a wurin awo, da wasu kalmomin. Garin da ke cikin famfas yana shanye fitsari ya koma kamar kamu, sai saman ya zauna a bushe, uwa ta taɓa ta ce da saura, alhali fatar tana cikin gumi da danshi. Idan kashi ya haɗu da fitsari ya daɗe, shi ne yake cin fatar har ta yi ja. Don haka kashi ba a jinkirta masa ko na ɗan lokaci. A wanke da ruwa, ga 'ya mace daga gaba zuwa baya, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a bar jikin ya sha iska, sannan a shafa basilin ko man da ke da sinadarin zinc kafin a ɗaura sabo. Hoda kuwa sun hana mu, saboda jariri yana shaƙar ƙurarta. Sun kuma ja kunnenmu cewa idan jan ya yi tsanani a cikin lanƙwasar fata, da ƙananan ƙuraje a gefensa, kuma ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, a daina gwaje-gwajen mai a gida, a kai yaro asibiti.

Kalmar wanki ce ban yarda da ita ba. Hajiya ta yi renonta a babban gida mai rijiya a tsakar gida, ga faccaloli, ga 'yan mata masu karɓar goyo. Ni ruwan da zan wanke nafkin da shi a wurin mai garuwa nake saye, ga omo, ga sabulu, kuma babu mai riƙe mini yarinya in na duƙa kan baho. Famfas ɗin ma da ake ganin hutu ne, ba hutun ba ne yanzu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa yake hawa. A ƙarshen shekarar kamfanin da ke yin Pampers ya sanar zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su, a 2024 kuma masu Huggies suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu a Legas. Shi ya sa a shagunan unguwarmu Molfix, na kamfanin Turkiyya da ke yin sa a Agbara ta jihar Ogun, ya fi yawa, sai kuma waɗanda ba su da suna, da ake ƙullawa a farar leda ana sayarwa ɗai-ɗai.

Maƙwabciyata ɗai-ɗai ɗin take saye, kuma guda ɗaya ne na dare gaba ɗaya, wani lokaci har hantsi. Na sha ganin ɗanta da jan gindi, ban taɓa iya ce mata komai ba, domin na san ba rashin sani ba ne, kuma ba lalaci ba ne. Ita ce ta faɗo mini a rai lokacin da Hajiya take magana, har na ji fushin nawa ya koma wani abu dabam.

Da rana na bar Ummi ba komai a jikinta, na shimfiɗa mata leda da tsohon zani a inuwa, ta yi ta harba ƙafafu tana gwaranci. Hajiya ta dube ta ta ce, “Kin gani ko, ita ma ta san daɗi.” Kafin ta tafi bayan la'asar ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya daga jakarta ta ajiye mini, wanda ke nuna cewa tun daga gida ta zo da shirinta.

Abban Ummi ya dawo da lamba 4 bayan magariba. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, “Hajiya ce fa, sai haƙuri,” ya ja kwanon tuwonsa. Shatin cinyar ya baje tun kafin isha'i. Na ciro nafkin ɗin da aka kawo ranar suna daga ƙasan akwati, zan gwada su da rana idan muna gida, dare da fita unguwa kuwa famfas ne babu fashi. Yaron da ke kwashe mana shara bai zo ba yau, ledar waɗanda aka cire tana bayan ƙofa a ɗaure, kuma a wannan zafin ba za ta kai jibi ba, dole gobe da sassafe in nemi wanda zai fita da ita.