Injin da ya fi ƙarfin rumfarmu

Jiya da la'asar aka ɗora injin wasa ƙarfen da na sayar a a-kori-kura, ƙarti biyar suna nishi. Wani mai walda da ke ƙera ƙofofin gida ne ya saya, a kan rabin abin da na biya. Ban yi ciniki mai tsawo ba, na dai ce Allah ya sa albarka, na tsaya ina kallon ramukan noti huɗu da ya bari a siminti.

A farkon 2023 na fara ganinsa, a wani sito a Sharaɗa, cikin kayan wata masana'anta da ta daɗe da rufewa. Injin wasa ƙarfe ne mai bel ɗin sanfefa, faɗin bel ɗin inci 6, motar lantarkin da ke juya shi kilowat 4, gangar jikinsa zubin ƙarfe ce. Dillalin ya kunna shi, ya danna masa guntun rodi, rodin ya riƙa narkewa kamar kitse a wuta. Ni da na shekara goma sha ina fama da magagari da giranda ta hannu, nan take na fara lissafin wuƙaƙen layya nawa zan fitar kafin Babbar Sallah. Yayana, wanda muke rumfar tare, shi ya fi ni zumuɗi. Ya ce, "Ƙanena, in ka bar wannan ya wuce, kai da shi sai a mafarki." Na sayar da babur ɗina, na haɗa da kuɗin adashi.

Baba kuwa da aka sauke shi, zagaya shi ya yi sau ɗaya, ya duƙa ya kalli farantin da ke jikin motar, ya ce, "Wutar da zai ci fa, kun tanada masa?" Na ce an gama magana, Baba. Alhali ba a fara ta ba.

Motar ta wuta mai layi uku ce, mu kuma layi ɗaya ke shigo mana, shi ma in an kawo. A siton can layi uku ne, dillalin ya sani, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Mai gyaran wuta ya ɗaura mata kafasito, wata na'ura da ke sa ta tashi da layi ɗaya, ta tashi, amma ƙarfinta ya ragu, tana ɗaukar zafi. Janaretanmu kuwa da an danna maɓalli sai ya yi tari ya mutu, don irin wannan motar a lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da take ci tana gudu. Muka ɗauko hayar babba. Muna cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Sallah saura wata guda.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana jure ta. Abin da har yau ke hana ni barci shi ne wuƙaƙe arba'in na mahauta.

Gudun injin ɗaya ne, ba ya ragawa, don an yi shi ne saboda share walda da cin ƙarfe mai kauri. Wuƙar fawa kuwa bakinta siriri ne. Na ƙera su da sifirin ɗin mota, na yi musu ban ruwa yadda Baba ya koya min, kowace in ka ja mata magagari sai ya zame. Sai na kai su kan bel. Daƙiƙa biyu kacal in ka jinkirta, tsinin ya yi launin kara, ya wuce zuwa shuɗi. Kowane maƙeri ya san shuɗi a bakin wuƙa na nufin taurin ya tafi. Na gani da idona. Amma dare ya yi, fetur na ƙonewa, masu kaya na jira, sai na goge launin da sanfefa mai laushi, na sa ƙota, na miƙa.

Ranar yawon Sallah wani dattijon mahauci, wanda tun ina riƙe zugazugi yake sayen wuƙa a wajen Baba, ya shigo da guda shida a ƙunshe cikin takardar siminti. Bai ɗaga murya ba. Ya zaro ɗaya ya nuna min bakin a hasken rana, ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Ya ce, "Ɗana, wannan ba hannun gidan nan ba ne." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yayana yana zaune a wurin, sai cewa ya yi, "Ai dama na gaya masa injin nan bai dace da mu ba." Ban tanka ba. Har yau ma ban tanka ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Bel mai girmansa ba ya samuwa a Ƙofar Ruwa sai an yi saƙo, wanda muka yanka muka manna da gam kuwa ya tsinke ya tsaga min haɓa. Faɗin inci 6 ba ya shiga lungun da ruwan wuƙa ya haɗu da ƙota. Ƙura ta hana mai shayin kusa da mu sakat.

Mai shirin saye, ya fara karanta farantin motar kafin ya kalli tartsatsi, ya kuma tafi da wuƙarsa ya gwada, kada ya yarda da rodin dillali. In da abokin tarayya ne ke zuga shi, to ya sa shi ya zuba rabin kuɗin.

Yanzu da ƙarami nake aiki, wanda na haɗa da kaina: mota kilowat 1.5 ta layi ɗaya, bel inci 2, fuli, wato garen da ke juya bel, mai hawa uku don in rage gudu idan na zo baki, ga bokitin ruwa a gindinsa, kowane ja ɗaya tsomi ɗaya. Dattijon nan ya dawo bara, ya karɓi guda biyu, ya ce gwaji ne. Sauran talatin da takwas ɗin, cikin arba'in ɗin da ya saba saya wa mahauta, a wata rumfar yake sayensu.