Takardar kwabo ɗaya

Wata uku na yi a ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai na wata jami'a a Ingila, lokacin da nake karatun aikin laburare. An ba ni aikin rubuta bayanin wasu takardu masu falle ɗaya, bugun fuska guda, na waƙoƙin zambo da habaici daga ƙarni na 17 da na 18. A zamaninsu kwabo ɗaya ake sayar da su a titunan Landan. Mai talla yana rera waƙar yana miƙa takardar, mai saye ya liƙa ta a bangon ɗaki ko na mashaya, in ta tsufa a hura wuta da ita.

Ranar farko na nemi safar hannu. Matar da ke kula da ni ta ce in dai wanke hannu in shanya, domin safa tana kashe jin yatsa, a yaga takarda ba a sani ba. Biro kuwa ba ya shiga ɗakin, sai fensir.

Inda na fi ƙaruwa shi ne kuskuren da na yi. Na ga hoton wani mutum a kan wata waƙa, na dubi irin tufafinsa, na yanke mata shekara. Matar ba ta yi mini faɗa ba. Ta je ta ɗauko wasu takardu biyu, waƙoƙi daban, hoton nan dai shi ne. Ashe maɗaba'o'in suna ajiye katakon da aka sassaƙa hoton a kai, su yi ta buga shi shekaru da yawa a kan kowace waƙa, ko ya dace ko bai dace ba. Sai ta nuna mini tsaga a jikin hoton: siririya a takarda ɗaya, ta buɗe a ɗayar. Katakon ne ke tsufa, tsagar ce ke faɗin wadda aka riga bugawa. Tun daga ranar ban ƙara rubuta shekara ba sai na ɗaga takarda a gaban haske na duba tambarin masu yin ta.

Sunaye ma sun ba ni wuya. Sai ka ga harafin W, dogon layi, sannan e, ana nufin Robert Walpole, wanda ya riƙe gwamnati daga 1721 zuwa 1742. Ɓoyon yana da dalili, don a 1703 an ɗaure marubuci Daniel Defoe a turu a bainar jama'a saboda rubutun shaguɓe. Mutanen lokacin suna gani sun gane, mai abu ya san abinsa. Ni kuwa wani sunan sai na kwana uku a kansa.

Abin da ya tsira kaɗan ne, shi ma albarkacin masu tarawa irin su Samuel Pepys, wanda waƙoƙi sama da 1,800 da ya tara suna nan a Kwalejin Magdalene ta Kambirij. Cikin takardun da aka ba ni, akwai wata da na daɗe ina kallo, an ninke ta gida huɗu, gefenta da tabon maiƙo. Wani ya yi yawo da ita a aljihu. Na rubuta ninkin da tabon a cikin bayaninta.