Asabar a bakin fili: wasa biyu da tsawa

Asabar, tsakiyar Afrilu, Kolumbus, jihar Ohayo.

Kalanda ta ce hunturu ya wuce, amma da na leƙa waje bayan sallar asuba, gilashin mota fari fat da ƙanƙara. Yau makarantar su Yaya na da wasan sofbol biyu a jere, shi ya sa tun jiya na jiƙa wake. Na soya ƙosai, na cika fulas da shayi mai citta, na tura barguna bayan mota. Ita tuni ta tafi, domin doka ce a wajen kocinsu kowa ya hallara tun kafin motar makaranta ta tashi. Yaya nake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. 'Yar fari ce, bakina bai saba da sunanta ba, kuma zaman Amurka bai sauya wannan ba.

Masu karanta ni daga gida sun sha tambaya wane irin wasa ne wannan. Ƙanwar besbol ce, an ƙirƙiro ta a Chicago a 1887, kuma a makarantun sakandare na nan kusan duk 'yan mata ne ke buga ta. Mutum tara ke tsaron fili, ɗaya ɓangaren kuma na fitowa ɗaya bayan ɗaya da sandar bugu. Wadda ta bugi ƙwallo sai ta zura da gudu, ta taka tasha ta farko, ta biyu, ta uku, ta dawo gida, wannan shi ne maki ɗaya. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne. Idan aka fitar da mutum uku sai a yi musanyar wuri, a haka har zagaye bakwai. Ƙwallon kuwa ba ta da wani laushi, kewayenta inci 12, rawaya shar da jan ɗinki, kuma na ga irin shatin da take bari a cinya. Mai jifa tana wulwula hannu zagaye guda ta saki ƙwallon daga gefen ƙugu, daga nisan ƙafa 43. Da 40 ne, aka ƙara uku a kakar 2011. Yarinya mai ƙarfi tana jefa mil 60 a awa, wato mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa cikakke ta yanke shawara.

Kafin a fara, alƙalan wasa biyu suka tsaya da kociyoyi a bakin gida ana musayar takardar jerin 'yan wasa. Sandunan bugu duk sai da tambarin amincewa na USA Softball, hukumar sofbol ta ƙasa, hular kwano kuma dole da ƙarfen kare fuska. Alƙalin yau baƙon fuska ne, dattijo mai furfura. Na ga ya kai ido wajen da 'yan matanmu ke ɗumama jiki, idonsa ya bi ta kan baƙin hijabin Yaya da ke ƙarƙashin hularta, ya wuce abinsa. Hannuna na cikin jaka a kan takardar da na buga tun shekarar da ta fara wasa, na zare shi na ɗauki kofin shayi.

Takardar nan kwafin dokar jiha ce. A watan Oktoba na 2019 wata ɗaliba a nan Ohayo, Noor Abukaram, ta gama tseren gudu, ta je duba sakamako ba ta ga sunanta ba. An soke ta ne saboda ta yi gudu da hijabi ba tare da takardar izini ta musamman ba. Yarinyar ba ta haɗiye ba, ta yi ta magana har majalisar jiha ta yi doka, Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a 2022, cewa ba a neman wani izini kafin ɗalibi ya yi wasa da suturar addininsa. A ɓangaren sofbol kuma, NFHS, ƙungiyar da ke zaune a Indianapolis tana rubuta littafin dokokin wasannin sakandare na ƙasar, ta gyara nata a 2021, bayan da aka sa wata ɗaliba a Durham ta Karolina ta Arewa ta yanke kitsonta a tsakiyar wasa saboda duwatsun ado da ke jiki. Daga nan aka halatta duwatsun gashi, aka kuma cire sharaɗin neman izini kan rufe kai na addini. Baƙo a ƙasar mutane ba shi da kawu a hukumar wasanni da zai buga wa waya. Abin da ke rubuce shi ne gatansa. Shi ya sa nake karanta littafin dokokin nan fiye da iyayen da aka haifa a kan wasan, kuma shi ya sa takardar ba za ta bar jakata ba, ko da ba a taɓa tambayata ita ba.

A wasan farko Yaya ce FLEX. Wannan tsarin ya fi komai ruɗa iyaye, har waɗanda suka yi wasan a ƙuruciyarsu. Koci yana iya rubuta suna goma maimakon tara. Ɗaya, DP, aikinta bugu. Ta goman, FLEX, aikinta tsaron fili, kuma idan har za ta yi bugu to sai dai a gurbin DP ɗin, ba a wani gurbi ba. Kamar mutum biyu ne da suka haɗa jari a rumfa ɗaya, wannan na zuwa sari, wancan na tsaron kaya. Yaya ƙafa gare ta da idon cafke ƙwallon sama, amma sandarta har yanzu da saura, don haka tsarin ya yi mata rana. Ta cafke wata doguwa a zagaye na uku tana gudu da baya. Matar da ke gefena ta miƙe tana kiran sunan 'yata da iyakar muryarta, ta juyo tana girgiza ni, wai ba ki gani ba? Na gani mana. Na ce masha Allah a ƙasan maƙoshi, na miƙa mata ƙosai. Ba za ta gane ba ko na yi bayani, a wajensu uwar da ba ta ihu kamar ba ta damu ba ce.

Wasan bai kai zagaye bakwai ba. Idan tazara ta kai maki 10 bayan zagaye biyar, an tashi ke nan, kuma mu ne a sama. Na ji daɗin dokar saboda yaran ɗaya makarantar, mai jifarsu ta gaji likis, hannunta ya daina jin magana. A nan ne nake da ƙorafi a kan littafin. Yara maza masu besbol an ƙayyade musu yawan jifa da kwanakin hutu tun 2017, amma a sofbol babu iyaka, wai jifan ƙasa bai cin kafaɗa kamar na sama. Yarinyar nan ita ce ta sake fitowa a wasa na biyu. Ni dai uwa ce, na ga yadda take murza kafaɗa tsakanin zagaye.

Muka yi azahar ni da Yaya a gefen mota, ta ci abinci a tsaye ta koma.

A wasa na biyu ba ta cikin jeri, aron ƙafa aka ajiye ta yi. Doka ta yarda idan mai jifa ko mai cafka (wadda ke tsugunne bayan mai bugu tana cafke jifa) ta kai tasha, a sa wata da ba ta shiga wasan ba ta yi gudu a madadinta, don mai cafka ta samu ta ɗaura kayan kariyarta. Ana cikin zagaye na huɗu aka ji rugugi daga yamma. Alƙali ko sama bai kalla ba, ya ɗaga hannu biyu, kowa ya bar fili. Minti 30 ake jira daga tsawa ko walƙiya ta ƙarshe, kuma duk sabuwar da aka ji sai a koma lissafi daga farko. Mun kusa cikawa wata ta sake ɗan gurnani can nesa, sai ka ji iyaye sun yi tsaki a cikin motoci. Wani uba ya fito yana nuna wa alƙali taswirar hadari a wayarsa, wai ya wuce ta kudu. Dattijon ya nuna masa agogon hannunsa kawai.

Da aka dawo fili ya jiƙe, wasa ya yi zafi, suna gabanmu da maki ɗaya har zagaye na shida. Mai cafkarmu ta buga ta kai tasha ta farko, aka kira Yaya. A sofbol mai gudu ba ta ɗaga ƙafa daga tasha sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa, kuma Yaya ta iya wannan lokacin sosai, ta sace tasha ta biyu kafin su farga. Sai abin ya zo. Akwai da'ira kewaye da mai jifa, faɗinta ƙafa 16. Da zarar ƙwallo ta koma hannunta a cikin da'irar, mai gudun da ke tsakanin tasha biyu tana da damar tsayawa sau ɗaya tak, daga nan dole nan take ta zaɓa, gaba ko baya, kuma ba sauya ra'ayi. Yaya ta fita daga ta biyu, ta tsaya, ta juya kamar za ta koma, sai ta hango mai tsaron ta uku ta matsa, ta sake yunƙurawa gaba. Alƙali ya dunƙule hannu. Ba wadda ta taɓa ta, ba a ko jefa ƙwallo ba, amma ta fita. Ɓangarenmu ya kaure da hayaniya. Kocinmu bai ce uffan ba, ya san hukuncin daidai ne, ya kuma san cewa a Ohayo wanda aka kora daga wasa ba na ranar kaɗai ya rasa ba, har da biyu na gaba. Da maki ɗayan nan suka cinye mu.

A mota ba ta yi magana ba sai da muka hau babban titi. Ta ce, "Umma, da na tafi kawai da na kai." Na ce, "Da kin koma ma da kina nan." Ta yi dariyar da ba ta so yi ba.

Da dare Abbansu ya dawo daga aiki da labari. Wani abokin aikinsa na da ƙungiyar 'yan mata mai zaman kanta, irin masu yawon gasa jiha-jiha, suna neman mai gudu gobe Lahadi, kuma a irin wuraren nan ne kociyoyin jami'a ke zuwa kallo. Yana murna yana faɗa. Yaya ta ce, "Abba, ba dama. Tunda na buga wa makaranta, ba ni da ikon buga wa wata ƙungiya sai kakar wasa ta ƙare." Ya ce wa zai sani? Na ce duk wanda ke da waya. Hukumar OHSAA, mai kula da wasannin sakandare na Ohayo, ba ta wasa da wannan, za a iya dakatar da ita, a kuma ƙwace wa makaranta wasannin da ta ci da ita a ciki, ka ga an ja wa yara goma sha wani abu asara saboda Lahadi ɗaya. Mun sa hannu a kan takardun nan a taron iyaye kafin a fara kaka, tare da na gwajin likita da na Dokar Lindsay kan bugun zuciya. Kakar ma guda nawa take? Wasa 27 ne iyaka kafin gasar jiha, wadda tun 2025 aka kasa ta rukuni bakwai, a ƙare a filin Firestone da ke Akron a farkon Yuni. Ya ce a Iowa ai da rani suke yi, a Jojiya da Oklahoma kuma da kaka, an ce masa. Na ce to mu a Ohayo muke, ya ce wa abokin nasa a haɗu a watan Yuni.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Sai ɗalibi ya ci darussa biyar masu cikakken maki a zangon da ya gabata kafin ya cancanci wasa a na gaba, kuma kimiyyar sinadarai na neman kayar da ita. Gobe ba fili, ba sanda. Na ce ta kawo littafin teburin falo bayan karin kumallo, kayan wasan kuma ta jiƙa su da kanta yau, don jar ƙasar nan idan ta kwana a farin wando ba ta fita.